Tsagar da Ke Jikin Manifol

Akwai wani mai walda da ake ce masa Tartsatsi. Shekara ashirin da biyu yana haɗa ƙarfe, har gashin hannunsa ya daina fitowa. Ba shi da yawan magana, amma yana da zuciya. In ta tashi, sai an riƙe shi.

Ƙanwarsa Auta tana auren wani mai sayar da tayoyi, wanda abokansa ke kira Guguwa. Guguwa yana da jar motar tsere mai ƙofa biyu, kuma duk ƙarshen mako yana kai ta tsohon filin jirgin da ke bayan gari, inda masu irinta ke gwada gudu. Sau uku a jere ana barinsa a baya. Abin ya tsaya masa a wuya.

Rannan ya shigo shagon Tartsatsi ya ce, "Yaya, injin nan shaƙewa yake yi. Ka ƙera min babban manifol, in ga ɗan da zai sake wuce ni."

Manifol shi ne ƙarfen da ke karɓar iska ya raba wa silindojin inji. In ya yi faɗi, inji ya sha iska sosai, mota ta ƙara ja.

Tartsatsi ya karɓi aikin saboda Auta. Sati uku yana kansa. Ya yanka farantin alminiyom ya lanƙwasa shi ya zama akwati, ya fitar masa da bututu huɗu, ya goge cikinsu har yatsa na santsi. Ana gobe tsere ya toshe bakunan, ya hura iska da kwamfuresa, ya shafa ruwan sabulu a kan waldar.

Sai ga kumfa tana tasowa a gindin bututu na uku, daidai inda layin fetur zai zauna.

Yana cikin kallonta Guguwa ya shigo yana kaɗa makulli.

"An gama?"

"Da saura. Akwai tsaga. Sai na kankare waldar na sake, ka ba ni kwana uku."

"Kwana uku? Na riga na gaya wa kowa gobe zan fito! Wannan 'yar kumfar ce za ta hana ni?"

"Ita ce. Ba zan ba mijin ƙanwata abin da zai kashe shi ba."

Guguwa ya kai hannu zai ɗauka, Tartsatsi ya dafe. Suka fara ja. Guguwa ya ce, "Baƙin ciki kake yi da ni, tsohon banza!" Kafin Tartsatsi ya buɗe baki, Guguwa ya rarumi babbar sifana a kan benci ya sheme shi da ita a muƙamuƙi.

Haƙora biyu suka faɗo. Tartsatsi ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi bakin benci, ya zube. Guguwa bai tsaya ba. Ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari, ɗaya, biyu, uku, har bokitin ruwan sabulun ya kife ya gauraya da jini. Sannan ya rungumi manifol ya fita.

Maƙwabta ne suka ɗaga Tartsatsi. Suka ce a je wurin 'yan sanda, ya girgiza kai. Auta ta yi ta kira, ya ƙi ɗauka. Abu ɗaya kawai yake gani a idonsa: gwiwoyin Guguwa.

Washegari da la'asar ya zaɓi rodi mai kauri, tsawon hannu, ya ɗaure a bayan babur. Kowane numfashi sai ya ji kamar ana soka masa wuƙa a gefe, amma haka ya kama hanyar filin.

Ya tarar an jera motoci biyu. Ya tsaya can ƙarshen titin, inda suke juyowa, ya riƙe rodin a bayan ƙafarsa. Ya ce a ransa, bari Guguwa ya sauko yana dariya, daga yau ba zai sake taka totur ba.

Aka saki tuta. Jar motar ta fito kamar an harba ta, ta ba ɗayar rata mai yawa. Mutane suka ɗau ihu.

Sai aka ji ƙara, fam! Bonet ya ɗaga, wuta ta yi tsalle daga ƙarƙashinsa. Motar ta ƙwace, ta yi juyi biyu, ta daki shingen kankare da gefen direba.

Jama'a suka watse. Waɗanda suka tsaya, wayoyi suka ɗaga. Ta cikin gilashi Tartsatsi ya hango Guguwa yana dukan ƙofa da hannu bibbiyu, bakinsa a buɗe, hayaƙi na cika motar. Ƙofar ta lotse, ta ƙi buɗuwa.

Tartsatsi bai san lokacin da ya fara gudu ba. Ya isa ɗaya gefen, ya ɗaga rodin ya sauke a gilashi. Bugu na biyu ya tarwatse. Ya cusa rodin a bakin ƙofa ya danna da dukan ƙarfinsa, haƙarƙarinsa na ƙara, har ta ɓalle. Wuta ta riga ta kama wandon Guguwa. Ya cafki kwalarsa ya fizgo shi, suka faɗi tare, ya yi ta birgima da shi a ƙasa yana kashe wutar da tafin hannunsa, fatar na saɓulewa.

Bai ja shi taku ashirin ba motar ta kama gaba ɗaya.

A asibiti aka kwantar da su gado na kallon gado. Guguwa ya karye a cinya, ƙafafunsa duk ƙuna. Tartsatsi kuwa hannu biyu a naɗe. Auta ta zauna tsakaninsu, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Can ta share ido ta ce, "Yaya, Allah ne ya kai ka. Amma me ya sa ka tafi da rodi?"

Tartsatsi ya dube ta. Sannan ya ce, "Ƙafafun mijinki na je karyawa."

Guguwa ya juyo da ƙyar, hawaye na gangara cikin kunnensa.

"Da ka karya, Yaya, da ban ce komai ba. Ka yafe min."

"Na yafe," in ji Tartsatsi. "Ni ma ku roƙa min gafara. Saura ƙiris in zama abin da ka zama."

Guguwa ya warke, amma da sanda yake tafiya har yau. Tartsatsi ya koma walda bayan wata biyar, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa.

Darasi: In wanda ya san aiki ya ce maka da saura, ka saurara, domin girman kai da gaggawa suna iya cinye lafiyar da ba za ta dawo ba. Kai kuma da aka zalunta, ka riƙe zuciyarka. Hannun da ka ɗaga don ramuwa zai iya zama wanda zai ceci rai. Ku tura wa duk wani mai saurin hannu da kuka sani.