Tagulla Shida a Cikin Leda

"Ko daga barci aka tashe ni, ido rufe zan haɗa wannan injin," in ji Delmar Hovland. "Littafin bayani kuwa, an rubuta shi ne don waɗanda Allah bai ba kai ba."

Ya faɗi haka ne a gaban zauren taron garin Norvik, ranar da aka kawo sabuwar na'urar da za a ɗora a kan rufi. Irin babban akwatin ƙarfen nan ne mai aiki biyu: da zafi ta hura sanyi, da hunturu ta ƙona gas ta hura ɗumi. Rabin gari ya fito kallo, don a Norvik mota mai ƙugiya ba ta zuwa kullum.

Delmar ya ba hamsin baya, kuma a gaskiya yana da hannu. Shekara talatin yana gyaran murhu da firji a garin. Aibinsa ɗaya ne, ba ya tambaya, ba ya karanta takarda, ba ya cewa ban sani ba. An taɓa saka masa mataccen kifi a ƙarƙashin kujerar motarsa. Har yau ba a san wanda ya yi ba, kuma gara a bar maganar haka. Kwana tara yana kwance injin motar yana neman inda warin ke fitowa. Duk wanda ya ce masa ya leƙa ƙarƙashin kujera, sai ya ce, "Kai ne makanikin ko ni?"

Da aka sauke na'urar a kan rufi aka ɗaure ta, Delmar ya buɗe ƙofarta. Ya tarar da littafi mai kauri, da wata 'yar leda da dillalin ya manna a ciki da jar takarda a jikinta. A cikin ledar akwai wasu 'yan tagulla guda shida, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba, da 'yar huda a tsakiya. Ya leƙa cikin injin, ya ga irinsu shida a ɗaure a bakin inda wuta ke fitowa.

"Gyara ce kamfani ya yi mana," ya ce wa kansa. Ya zuba su a aljihu. Jar takardar ya goge maiƙon hannunsa da ita, littafin kuma ya durƙusa a kansa don kada rufin ya ƙona masa gwiwa.

Abin da jar takardar ke faɗi ba shi da wuya. An ƙera na'urar ne don gas ɗin bututu, irin na manyan birane. Norvik kuwa bututu bai iso ta ba, kowane gida da farin tankinsa a baya. Gas ɗin tanki ya fi ƙarfi, saboda haka dole a cire tagullar da ta zo a jikin injin, a sa na cikin ledar, masu ƙaramar huda. In ba a yi haka ba, wutar za ta ci fiye da ƙima. Aikin bai kai na awa ɗaya ba.

Da ya sauko, yayarsa Verna na jiransa a gindin tsani da kofin shayi mai ƙanƙara. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma ita ke riƙe da mabuɗan zauren shekara ashirin da biyu. Ta haura saba'in, amma bakinta bai tsufa ba.

"Ka karanta takardarsu, Del?"

"Yaya, ke kina karanta takarda kafin ki dafa dankali?"

"Dankali bai taɓa tashi da gida ba."

"Naki ya kusa, ranar bikin aminina Orrin."

Aka yi dariya. Ta ɗaga hannu kamar za ta mangare shi, ya kauce. Sai ya zaro ɗaya daga cikin 'yan tagullar, ya saƙala mata a zoben mabuɗanta.

"Ga tukuicin shayi. Zinariya ce, kada ki bari a sace."

"Zinariyar gidanku," ta ce. Amma ba ta cire ba.

Sauran biyar ɗin ya raba wa abokan kamun kifinsa. Ya ce masu nauyinsu daidai yake da na dalmar fatsa, ga huda a shirye, zare kawai za a zura. Orrin, babban amininsa, ya karɓi biyu, ya juya su a tafin hannu.

"Ka tabbata ba su da wani aiki a can sama, mutumina?"

"Aikinsu ke nan. Ko banza ka samu abin da za ka ɗora wa laifi in ka dawo hannu rabbana, yadda ka saba."

Duk tsawon bazara na'urar ta yi aiki ba tangarɗa, don ɓangaren sanyi ba ruwansa da gas. Aka yi bikin aure biyu a zauren, ba wanda ya yi gumi. Delmar ya riƙa shigowa yana tsayawa ƙarƙashin inda iskar ke saukowa, hannu a ƙugu, kamar shi ya halicci sanyin.

Da watan Nuwamba ya kama, aka kunna ɗumi. Kwana huɗu ya yi, ya mutu. Verna ta kira ƙanenta a waya. Ya hau rufi, ya ga baƙin kunkunniya ya fara taruwa a bakin bututun hayaƙi, wutar kuma maimakon shuɗiya sai ga ta ja tana lasar gefe. Akwai wani ɗan makunni da maƙera ke sa wa a wurin, aikinsa shi ne ya kashe komai da zarar wuta ta fita daga hanyarta. Shi ne ya kashe na'urar. Delmar ya danna shi, ta tashi. Bayan kwana biyu ta sake mutuwa. Ya sake hawa, ya sake dannawa.

A hawa na huɗu, iska na yankan kunne, ya tsaya yana kallon wutar. Zuciyarsa ta ce masa akwai abin da ba daidai ba. Littafin na nan a cikin motarsa, an yi shimfiɗar gwangwanin mai da shi. Lambar dillalin ma na jikin ƙofar injin. Amma ya tuna abin da ya faɗa a gaban rabin gari, ya kuma tuna yadda yaran kamfanin za su yi masa magana a waya kamar suna koya wa ɗan firamare. Sai ya yanko guntuwar waya, ya haɗa nan da can, ya tsallake ɗan makunnin.

"Kai ne mai tsegumi," ya ce masa. "To na rufe maka baki."

Daga ranar na'urar ba ta ƙara mutuwa ba. Zauren ya yi ɗumi har ana cire riguna. A can sama kuwa, wutar na ta cin bututan ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar da ake hura wa mutane.

Farkon Disamba Verna ta ce masa, "Del, duk ranar da na yini a zauren nan sai kaina ya yi kamar zai tsage. In na fita kuma sai ya sake ni."

"Surutun matan nan ne, Yaya. Ni ko minti goma na yi da su sai na sha magani."

"Ba wasa nake ba."

"To tsufa ne. Shi kuwa ban da kayan gyaransa."

Ta dube shi ta saman tabarau. Tun yana yaro ta san in ya fara ba'a da yawa, akwai abin da ba ya so a taɓa.

Asabar ta biyu ga watan ita ce ranar wainar dankali. Kowace shekara matan garin kan taru a zauren su yini suna murzawa suna gasawa, a sayar kafin Kirsimeti. Daren jiya an zuba dusar ƙanƙara, sanyin ya kai inda ko kare ba ya son fita. Verna ta riga kowa zuwa da awa biyu, yadda ta saba. Ta murɗa ɗumin har ƙarshe don kada ƙawayenta su ji sanyi, ta rufe ƙofofi, ta zauna tana feraye dankali.

Da sauran matan suka iso wajen ƙarfe tara, suka same ta a zaune a kujera, kanta a jingine da bango, wuƙar a cinyarta. Suka ɗauka gyangyaɗi ne, har ɗaya ta ce a bar ta ta huta. Kafin rabin awa, biyu daga cikinsu sun fara amai, ɗaya ta yanke jiki ta faɗi. Allah ya sa wadda ta zo ƙarshe ta buɗe ƙofa ta kira 'yan kwana-kwana. Mata bakwai aka kwasa zuwa asibiti. Shida suka dawo.

An binne Verna ranar Laraba. Delmar ya yi kuka na gaskiya, ba wanda zai ce bai yi ba. Amma tun a wajen cin abincin makoki ya fara gyara zance. Ya ce tsohon murhun kicin ɗin ne, ya daɗe yana faɗa masu su canza shi. Wata daga cikin matan ta ce ai da faranti na lantarki suke gashi, ba wanda ya taɓa murhun ranar. Ya ce to kamfani ne ya turo ruɓaɓɓen kaya. Ya maimaita har ya fara yarda da kansa. Sau biyu ya je zai hau rufin ya cire guntuwar wayar nan, amma an kewaye ginin da igiya, an ɗauke tsanin.

Ranar Litinin motar nan mai ƙugiya ta dawo. Mutanen da suka taru ranar da aka ɗora na'urar su ne suka taru ranar da aka sauke ta, sai dai yau ba mai dariya. Tare da motar wata mata ta zo, Marlys Tveit, mai binciken irin waɗannan haɗura daga babban birnin jiha. Gajeruwa ce, ba ta ɗaga murya. Ta sa aka ajiye na'urar a tsakar fili, aka kwance murfinta. Kowa ya ga bututan sun yi baƙi ƙirin, ɗaya ya tsage har yatsa zai shiga. Ta nan hayaƙi mai guba ya riƙa bin iskar ɗumi zuwa cikin zauren.

"Wane ne ya haɗa ta?" ta tambaya.

Delmar ya matso. "Ni ne. Shekara talatin ina wannan aiki."

"Madalla. Ka san an ƙera ta ne don gas ɗin bututu?"

Sai a lokacin ya gane ko mene ne ya zuba a aljihu. Amma bakin da ya saba ba ya jiran shawara.

"Wa zai koya mini wannan?"

"Dillalin ya ce ya haɗo maka da tagulla shida na canji a cikin leda. Ka sa su?"

"Da hannuna na sa su. Ɗaya bayan ɗaya."

Marlys ba ta musa ba. Ta sa hannu a jakarta ta fito da zoben mabuɗai. Duk wanda ke wurin ya san mabuɗan nan, shekara ashirin da biyu suna ƙara a aljihun mutum ɗaya. Ta ɗaga su sama, ɗan tagullar na lilo a tsakaninsu.

"A jikin ƙofar zauren na same su," ta ce. "Wannan ɗaya ne daga cikin shidan. Sabo ne, wuta ba ta taɓa shi ba. Ko akwai wanda ya san inda sauran suke?"

Delmar ya dubi Orrin. Orrin bai dube shi ba. Matarsa na cikin shidan da suka dawo, har yanzu ba ta iya tsayuwa sosai. Ya taka zuwa motarsa, ya buɗe akwatin fatsarsa, ya dawo ya ajiye biyu a kan murfin na'urar, da guntun zare a jikinsu. Wani ya je ya kawo ɗaya. Wani ma ya kawo. Na ƙarshe ya ce nasa kifi ya tafi da shi tun watan Agusta.

Marlys ta jera biyar ɗin a layi. Sannan ta miƙa hannu cikin injin, ta zaro guntuwar waya, ta ajiye a gefensu.

"Wannan fa, Malam Hovland? Kamfani ne ya sa?"

Gari duka na kallon Delmar, shi kuma idonsa na kan mabuɗan yayarsa.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma gwanintar jiya ba ta karanta maka takardar yau. Duk abin da maƙeri ya haɗo da kaya, akwai dalilinsa, in ba ka gane ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. In kuma abin tsaro ya tsayar da aiki, gargaɗi yake yi maka, ka nemi dalili, kada ka toshe masa baki. Kunyar cewa ban sani ba ta minti ɗaya ce. Delmar ya guje ta, ya ɗauki wadda zai kwana da ita har ƙarshen ransa, kuma ba shi ne ya fara biyan kuɗin girman kansa ba, wadda ta raine shi ce.