Dajin da Ke Ƙarƙashin Gona

Akwai wani manomi mai tsabtar gona, har tsabtar ta yi masa yawa. Kowace bazara yakan ɗauki adda ya bi kututturan gawo da kalgo da ke gonarsa, duk wanda ya yi toho ya sare tohon, ya tara ya cinna wuta. Haka ya ga mahaifinsa yana yi. In ka wuce sai ka ce da tsintsiya aka share gonar, shi kuwa yana jin daɗi a faɗa.

Amma gonar tana mutuwa a hannunsa. Iska takan kwashe ƙasar, ruwa ya tafi da saura, gero ya daina cika rumbu. Ya sayo dashen itatuwa, ya yi ta ban ruwa, duk suka bushe. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce in bana ma haka ne, zai sallama wa masu haƙar yashi gonar mahaifinsa.

Yana da 'ya, Liyatu, tana jami'a tana karatun kiyaye albarkatun ƙasa. Shi dai wannan karatu dariya yake ba shi, wai ƙasa da itace ma sai an je jami'a. A hutun Ista ta kai masa kunu gona, ta tarar ya ɗaga adda a kan wani kututture.

“Baba, tsaya! Don Allah kada ka sare!”

Ta dire kwanon har kunun ya fantsama. Ta durƙusa ta yi ta tono da hannu, sai ga saiwa kamar cinyar mutum.

“Duba, Baba! Malaminmu ya kai mu wata gona inda irin wannan toho ya zama itace, da idona na gani. Dashen da ka saya saiwarsa ba ta kai yatsa ba. Wannan kuwa tun zamanin Kaka ta kai ga ruwa. Itacen bai mutu ba, kai ne kake hana shi tashi!”

Ya ce, “'Yar nan, so kike a ce na zama rago?”

“Su faɗa, Baba. Bana kawai nake roƙo.”

Ta nuna masa yadda zai zaɓi toho mafi ƙarfi a kowane kututture, ya rage sauran, ya bar shi ya girma. Maƙwabta suka samu abin hira, suna cewa boko ya shiga gonar dattijo. Ya ji kunya, amma ya daure.

Damina ɗaya tohon ya kai ƙugunsa, ya ce a ƙara shekara. Kafin Liyatu ta gama karatu itatuwan sun fi shi tsayi, suka tare iska, ganyensu ya zama taki, gero ya yi zangarniya har yana sunkuyawa. Ran da masu yashi suka zo da tifa, ya tare su a bakin hanya yana dariya, ya ce, “Ku juya motarku, gonata ta tashi!” Murna ta sa dattijon nan ya taka rawa a tsakiyar kunyoyin gonarsa.

Ga ma'anar wannan misali. Gonar ita ce gidajenmu da ikilisiyarmu. Kututturan su ne mutanen da muka fid da rai a kansu: ɗan da ya bar sujada, mijin da giya ta kayar. Saiwar kuwa ita ce maganar Allah da aka shuka a zuciyarsu tun suna ƙanana, tana nan da rai ko ba ma ganinta. Sau nawa irin wannan mutum ya yi ɗan toho, ya leƙo sujada ya zauna a kujerar baya, mu kuwa don son tsabta muka sare shi da harara da gori? Sa'an nan mu tafi nesa neman sababbi! 'Yan'uwa, wannan mako akwai wanda zai yi toho a gabanka. Kafin ka buɗe baki, ka fara ajiye addar.