Ƙafar Farko a Gadar Kwarin Maje

To, jama'a, ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalai. Wanda ya san bai iya gardama ba ya ja baya, ya ba masu baki wuri.

A Kwarin Maje an yi wani malamin dabbobi, Malam Sallau. Amma in ka shiga garin kana tambayar Malam Sallau sai ka sha yawo. Ka ce Mai Allura, ko akuya ta nuna maka gidansa. Shekara ashirin da takwas ya yi yana bin rugage da ƙauyuka a kan wani tsohon babur mai tari, da kakinsa da ya koɗe, da akwatin allura ɗaure a baya. Haƙoransa biyu na gaba wata saniya ce ta karɓe su tun yana saurayi, ta bar masa giɓi, ga shi kuma Allah ya yi shi mai yawan dariya.

Kogin Tsamiya ya raba ƙasar gida biyu. Gari da kasuwa da asibiti suna nan ɓangaren, ƙauyuka goma sha ɗaya suna hayi. Da rani ko kaza ta tsallake shi, da damina kuwa sai kwale-kwale, in ya kawo sosai ma sai haƙuri. Sallau ya ga albasa ta ruɓe a bakin kogin nan, ya ga mai naƙuda ta haihu a gindin tsamiya tana hangen rufin asibiti. Abin ya daɗe yana ci masa rai. Saboda haka da kujerar ɗan majalisar jiha ta mazaɓarsu ta zama babu kowa, aka sa zaɓen cike gurbi a tsakiyar damina, dattawan hayi suka zo suka ce ya fito, bai ja musu rai ba. Ya ce abu uku ke gabansa. A fitar da burtali, manomi da makiyayi su huta da nuna wa juna sanda. A zuba magani a asibitin dabbobi, wanda ya zama gidan jemagu. Amma kafin duk wannan, gada.

“In na ci ban kawo muku gada ba, ku haɗa ni da babur ɗina ku jefa a kogin,” in ji shi.

Jam'iyya mai alamar tulu ta ba shi takara. Abokin karawarsa kuwa wani ɗan kwangila ne, Alhaji Barau, mai motoci da mutane, wanda cikin gari ke hannunsa.

Tun ba a je ko'ina ba aka fara cin karo. Aka ce kowane ɗan takara ya kawo takardar shaidar gama makarantarsa. Sallau ya zazzage ɗakinsa kaf, babu. Ya je inda ya yi aiki, aka ɗauko fayil ɗinsa, ashe gara ta riga shi karantawa. Saura kwana ɗaya a rufe karɓar takardu. Ya hau babur ya tafi ƙauye wurin yayarsa Lantana, wadda ta goye shi, don ya san ba inda zai kai wannan baƙin ciki sai can. Ita kuwa Lantana duk duniya ba abin da ta tsana irin siyasa. Tun ranar da ta ji zai tsaya take cewa an ɗauki mutumin kirki za a kai shi inda ake koyon ƙarya. Abin da Sallau bai sani ba, takardar tana ɗakinta. Uwarsu ce ta naɗe ta a ƙyalle ta sa a ƙasan kwalla, da ta rasu Lantana ta gaji kwallar. Ba mahaluƙin da ya san da wannan sai ita. Ta zuba masa tuwo da miyar kuka, ta zauna tana kallonsa, bakinta gum. Shiru kawai za ta yi, ƙanenta ya tsira da mutuncinsa. Sai ta ga mutumin da bai taɓa barin loma a kwano ba ya wanke hannu bai ci ba, ya yi sallama ya tafi. Washegari da hantsi, ranar rufewa, sai ga ta a motar kasuwa, an matse ta tsakanin buhunan barkono, ƙyallen yana ɗaure a ƙugunta. Ta miƙa masa a ƙofar ofishin hukumar zaɓe.

“Ungo. Har yanzu ba na so, kuma ban fasa faɗa ba. Amma ni na goye ka, ba zan zama ni na kayar da kai ba.”

Sallau ya karɓa. Ya durƙusa a gaban jama'a, da furfurarsa da komai, ta ce ya tashi kada ya ba ta kunya.

To, an wuce wannan. Sai manyan jam'iyya na birni suka ce su za su buga fasta, don su suka san harkar. Suka aro masa babbar riga mai aiki har ciki, suka kafa masa hula, suka hana shi dariya. Mai hoto ya goge masa fuska ta yi sumul, har da ƙara masa kumatu. A ƙasa aka rubuta sunansa na takarda, Abdulƙadir Ibrahim, sunan da tun ranar suna ba wanda ya sake kiransa da shi. Aka manna a kowace bishiya. Sallau ya dubi hoton, shi kansa ya ji yana ganin girman mutumin nan. Ya shiga yawo a motar jam'iyya mai baƙin gilashi, yana ɗaga hannu, yana mamakin yadda mutanen da ya yi wa shanunsu allura suke kau da kai.

Amininsa Tanimu wanzami shi ya gano bakin zaren, don kan da ke ƙarƙashin aska ba ya ɓoye magana. Ranar kasuwa yana yi wa wani dattijon hayi aski, dattijon ya nuna fastar da haɓa ya ce, “Ka ga zaluncin 'yan birni ko? Mu muka ce Mai Allura, suka ture shi suka kawo mana wannan mai kumatun. Wallahi mun yi rantsuwa, ko ƙuri'a ɗaya tulu ba zai gani a hayi ba.” Saura kaɗan Tanimu ya yanke masa kunne. Ashe ƙauyuka goma sha ɗaya sun haɗa kai za su kayar da Sallau saboda tsabar son Sallau!

Tanimu ya naɗe zabira ya same shi a gida. Sallau ya fara kame-kame, wai kada manya su ji haushi, wai sun kashe wahala a kan fastar.

“Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi,” in ji Tanimu. “Tuɓe rigar mutane. Ina kakinka? Ina baburin?”

Ku sani fa, gidan Alhaji Barau gidan askin su Tanimu ne tun zamanin ubansa. Aski, kaciya, ƙaho, cire beli, duk shi ne. Ya san ranar da aka gan shi a bayan Sallau, ƙofar nan ta rufe ke nan, kuma haka aka yi. Mako uku bai buɗe zabira ba. Ya hau bayan babur, ya ɗora tulu a ka, suka bi kasuwanni bakwai da duk wata ruga. Ko'ina suka je sai ya tsayar da Sallau a gindin fasta, ya tara mutane, ya ce, “Malam, yi musu dariya.” Da giɓin nan ya bayyana sai wuri ya kaure. Mata na guɗa, maza na riƙe ciki, tsofaffi na tambayar inda za su kai kaffarar rantsuwa. Tanimu ya ɗaga tulu ya ce duk mai son Mai Allura, ga abin da zai dangwala wa. Sallau bai taɓa jin daɗi a ransa irin na makonnin nan ba.

Ranar zaɓe kuma sai sama ta ce ga ta. Tun asuba ake zuba ruwa har hantsi, Kogin Tsamiya ya kawo ya yi jawur, yana tafe da itatuwa. Malaman zaɓe da akwatunansu suka tsaya cirko-cirko a wannan gaɓar, mutanen hayi na can sun yi layi a cikin ruwa suna jira. Malaman suka ce in azahar ta yi ba su haye ba, za su rubuta cewa zaɓe bai yiwu a hayi ba, kuma ba wanda ya san abin da zai biyo baya. A cikin gari kuwa Alhaji Barau sai tara ƙuri'a yake. Sallau na tsaye a bakin kogi, kaki ya jiƙe sharkaf, yana kallon gadarsa tana tafiya da ruwa tun ba a gina ta ba.

Masu fito duk sun ja kwale-kwalensu tudu. Ba tsoron ruwa kaɗai ba ne, gaskiya ɗaya ce. Wa zai sa ransa a hatsari don mutumin da ya rantse zai kawo gada ya kashe masa sana'a? Babbansu, Jatau mai fito, shekara talatin da wannan kogin yake ci da iyalinsa, bai iya noma ba, bai iya ciniki ba. Ya daɗe a tsugune yana duban ruwan. Can sai ya miƙe ya kwance igiya. 'Yan uwansa suka ce, “Jatau, tuwonka fa za ka tura wa wuta.”

“Na sani,” in ji shi. “Amma ni na san yawan waɗanda na ce wa su jira ruwa ya janye, kuma ba duka ne suka iya jira ba. Ku shigo, malamai, mutum uku-uku. Kowa ya rungume akwatinsa, kada wanda ya motsa.”

Sawu tara ya yi. A na shida wani kututture ya bugi kwale-kwalen har ya sha ruwa, Jatau ya sa ƙafa ya danne gefe, ya ce wa wata malamar zaɓe ta cire takalminta ta kwashe ruwan, ta kuwa kwashe tana salati. Kafin la'asar kowane ƙauye ya dangwala, Jatau kuma ya dawo da malaman lafiya, tafin hannunsa duk ya saɓule. Washegari aka faɗi sakamako, Sallau ya ci da ratar ƙuri'a ɗari biyu da goma sha biyu. Aka ɗaga shi sama, aka ɗaga baburin ma, har Lantana an ce an ga tana taka rawa a bayan ɗaki, ko da yake ta musa.

A majalisa kuwa Sallau ya zame musu ƙarfen ƙafa. Ana maganar albashi ya ce gada, ana maganar taki ya ce gada. Har ta kai in ya miƙe, tun bai buɗe baki ba sai zauren ya amsa, “Gada!” Ya yi dariya ya ce, “Alhamdu lillahi, kun haddace.” Don su huta da shi suka sa ta a kasafi. Burtali ya fita, magani ya zo, jemagu suka nemi wani gidan, a shekara ta uku kuma gada ta tsaya da ƙafafunta a kan Kogin Tsamiya.

To, mutanen Kwarin Maje suna da wata al'ada. In an haƙa sabuwar rijiya, wanda ya zama sanadinta shi ke fara jefa guga. In an buɗe sabuwar hanya, shi ke fara takawa, shi kaɗai, kowa na kallo, kuma sunansa ke nan ya zauna a bakin jikoki. Ranar buɗe gada gari da hayi suka cika gaɓa biyu, makaɗa na kiɗa, aka ce Mai Allura ya taka. Ya ɗaga ƙafa, sai ya mayar. Ya ce shi dai baki ya yi ta yi, kuma an biya shi albashi a kan haka, sanadi yana wurin wasu. Ya waiwaya. Ga Lantana da sandarta, ga Tanimu da zabira a kafaɗa, ga Jatau, wanda tun jiya ya kife kwale-kwalensa a tudu. Dukansu ukun suna yi masa murmushi, kowa na nuna ɗan'uwansa. Sallau ya ji ƙwalla ta cika masa ido don murna, ya kuma ji kansa ya ɗaure, domin al'ada ƙafa ɗaya ta sani.

Da Lantana ta yi shiru, da sunansa bai ko shiga takara ba, kuma abin da take ƙi ta ba da hannu a kai. Da Tanimu bai tuɓe masa riga ba, da masoyansa ne suka kayar da shi, kuma shi Tanimu gidan askin da ya gada ya rasa. Da Jatau bai kwance igiya ba, da ƙuri'un na can hayi cikin ruwa, ga shi ya sa ransa, ya kuma sa abincinsa.

Makaɗa sun tsaya, jama'a na jira, rana na yi. To, ku da kuke zaune nan, a cikin ukun nan wa Sallau zai kama hannunsa ya ce ya fara taka gadar?