Yarinyar da ta yi amai a jirgin Baba Orval

Akwai wani tsohon manomi a nan wajenmu, a jihar Iowa ta Amurka, ana ce masa Baba Orval. Masara da waken soya yake nomawa, amma zuciyarsa tana sama. Yana da ɗan jirgin sama rawaya mai kujera biyu, ya sassabe bayan rumbunsa, wani ƙaton zauren ajiyar kayan gona, ya mayar da wurin filin tashi.

Duk shekara in an gama girbi, masu ƙananan jirage sukan taru a filin nan. A soya fanke, a sha kofi, sannan a ɗauki yara kyauta a zaga da su sama. Jama'a, zo ku ga murna! Yaro zai sauko baki har kunne, yana rantsuwa shanun babansa sun koma tururuwa.

Wata shekara aka zo da wata yarinya, Yesenia, wadda babanta ke aiki a gonar kaji. Ta nufi sabon jirgin Merle, maƙwabcin Orval, mai kujerun fata. Merle ya dubi takalmanta, ya dubi fanken da ke hannunta.

"A'a 'yan mata, ba dai nawa ba. Je ki wajen tsohon can, nasa ya saba da wahala."

Baba Orval ya ɗauke ta. Suna tashi iska ta ɗan girgiza su, ai kuwa duk fanken da ta ci ya dawo. Kujera, riga, har gilashi!

Da suka sauka Merle ya riƙe ciki yana dariya. "Orval, ban faɗa maka ba?"

Yarinya ta ruga bayan mota tana kuka. Tsoho ya ɗauko bokiti ya wanke jirginsa tas, sannan ya bi ta.

"Kyaftin, ina za ki? Ai ba mu gama ba."

"Baba, na ɓata maka jirgi."

"Jirgin da ya sha ɗaukar buhun taki? Taso. In kika tafi gida da kunyar nan, ke da sama har abada."

Suka sake tashi. Ya ce ta daina kallon ƙasa, ta kafa ido can nesa. To matuƙa suna da wata al'ada: ba mai sakin sandar tuƙi sai ya faɗa da baki, ɗayan kuma ya amsa. Suna saman gonaki sai tsoho ya ce, "Jirgi na hannunki."

"Ni?!"

"Ba haka ake amsawa ba."

Ta ce, "Jirgi na hannuna." Ta ɗan karkata sandar, jirgi ya bi ta. Wayyo, ihun murnar da ta yi, wallahi ya fi ƙarar injin!

Shekaru suka shuɗe. Iyayenta suka yi ƙaura, labarinta ya ɓace. Tsufa ya kama Baba Orval, likita ya duba zuciyarsa ya ce tuƙi shi kaɗai ya ƙare. Jirgi ya zauna a rumbu, tsuntsaye na sheƙa a kansa. Ranar taron bana yana gefe yana juya fanke, ko kai ba ya ɗagawa in jirgi ya wuce. Abin ya ba ni tausayi matuƙa.

Merle, wanda shi ma ciwon ido ya zaunar da shi, ya ce, "Mu yanzu kallo ne namu, Orval."

Sai ga wani farin jirgi ya sauka lafiya lau. Wata mata ta fito da bokiti a hannu, ta nufo su tana dariya.

"Baba, wannan karon na zo da bokitina."

Cokali ya faɗi daga hannun tsoho. "Kyaftin? Ke ce?!"

"Ni ce, Baba. Yanzu tuƙi nake koyarwa. Likita ya hana ka tashi kai kaɗai, amma bai hana ka tashi da ni ba. Taso, ai ba mu gama ba."

Fili ya kaure da tafi da fito. Suka tashi a farin jirginta, suka bi ta saman rumbunsa da gonar da ya noma tun yana saurayi. Can ta ce, "Baba, jirgi na hannunka."

Hawaye suka zubo wa tsoho.

"Baba, ba haka ake amsawa ba."

Ya share ido, ya kama sandar. "Jirgi na hannuna."

Mu da ke ƙasa sai muka ga jirgi ya juyo ta kanmu yana kaɗa fukafukai, irin gaisuwar Baba Orval da kowa ya sani. Merle ya cire hula ya ɗaga musu.

Darasi: Kada ka kori yaro ranar da ya ji kunya, ranar ce ya fi buƙatar a ce masa ya sake gwadawa. Wanda ka ɗaga yau, shi zai ɗaga ka ranar da ƙarfinka ya ƙare. Ku tura wa duk wanda ya taɓa haƙuri da ku kuna yara, ya san ba ku manta ba.