Dalilin da Ya Sa Naman Romon Padang Yake Ƙaras-ƙaras

Dalilin da ya sa mutanen Minangkabau, can ƙasar Indonesiya, suke soya nama ƙayau kafin su sa shi a romon taliya, ku zauna ku ji, amma kar wanda ya katse ni, sauri nake.

Da can naman sa kawai ake dafawa da citta, kanumfari, kirfa da tafarnuwa, a yanka kan siririyar taliya, a kwarara romo. Shi ke nan.

To, a garin Padang akwai wata tsohuwa mai 'ya'ya biyu, Nurbaiti da ƙanwarta Yusni. Su a can mace ke gadon gida. Amak, wato uwarsu, ta ce wadda romonta ya fi daɗi ranar walimar girbi ita za ta riƙe madafin gidan.

Ranar, Yusni ta faki ido ta ɗanɗana romon yayarta. Ta ji ya fi nata daɗi. Kullum Nurbaiti! Gashi ita, murya ita, yanzu har madafi?

Ta ce, "Yaya, Amak na kiranki a rumbun shinkafa."

"To, ga naman nan na tsame yana hucewa. Kar kyanwa ta taɓa."

Tana fita Yusni ta antaya naman cikin man kwakwar da ake soya dankali, ta bar shi har ya ƙandare. Bari mu ga mai haƙorin cin wannan!

Nurbaiti ta dawo ta ɗora hannu a ka, ga baƙi sun zazzauna. Tana hawaye ta daddatsa shi haka nan, ta zuba kan taliya, ta kwarara romo.

Kawunsu ya kai loma. Ƙaras! Ya sake kaiwa. Ya miƙo kwano, "Ƙaro min, 'yar nan!"

Amak ta ci ta lumshe ido. "Nurbaiti, madafi naki ne."

Yusni ta zabura. "Ni ce fa na soya!"

"Ke? Naman yayarki? Da wace niyya?"

Yusni ta hau kallon yatsun ƙafarta.

"To madalla," in ji Amak. "Tunda hannunki ya iya, suya taki ce kullum, a ƙarƙashin yayarki."

Shi ya sa har yau naman romon nan sau biyu yake shiga wuta, a dafa, a soya. Mai suya tana can man kwakwa yana fallatsar mata a hannu, masu ci kuwa sai tambaya suke wa ya haɗa romo.