Neman Sai-Gobe Cikin Mutum Dubu Talatin

Ku ajiye wayoyin nan haka, kun ishe ni da danne-danne. Yau shari'a na kawo muku.

A Dutsin-Ma aka yi wani magini, Tanimu. Wata rana da hantsi matarsa Uwani ta haifi 'ya mace, sai jini ya ɓalle mata. Likita ya ce a samo jini kafin la'asar, in ba haka ba sai dai haƙuri. Ga shi irin jininta sai an tona. Aka gwada Tanimu da dangi kaf, ba wanda ya dace. Bawan Allah ya zauna ya miƙe, ya fita ya dawo. Wata nas ta tura shi wurin wasu ƙawaye uku masu ƙungiyar ba da jini.

Ta farko Tasalla. Shekara biyu tana bin kasuwanni da makarantu tana rubuta masu niyyar ba da jini, har mutum dubu talatin, ta zuba su a kwamfuta. Kowane mutum da bayanansa gida-gida: suna, gari, irin jini, lambar waya, har gida arba'in. Laƙabi ma sai ta tambaya, ana yi mata dariya wai ta cika bin ƙwaƙƙwafi.

Ta biyu Suwaiba, mai rubuta wa kwamfuta umarni. Ta sa a tace jerin kamar ana tankaɗen gari: a bar mai irin jinin Uwani, mazaunin Dutsin-Ma. Kwamfuta ta dawo fayau, ko mutum ɗaya babu. Tanimu ya ɗora hannu a ka. Suwaiba ta ƙura ido, sai ta gano sunan garin ne aka rubuta iri-iri, wani Dutsinma, wani Dutsen Ma, ita kuwa kwamfuta ba ta san "ai duk ɗaya ne" ba. Ta gyara umarnin, mutum ɗaya tal ya faɗo: Abdulmumini Sale.

Aka buga lambarsa, a kashe. Tanimu ya haye babur, ya zaga tasha, ya zaga kasuwa, kowa ya tambaya sai ya ce, "Wane Abdulmumini?" Har aka kira azahar. Ya dawo sharkaf da gumi, ya kasa ko zama.

Ta uku Lantana, mai zaɓar abin da za a ciro daga bayanan mutum a miƙa wa mai nema. A ƙa'ida suna da lamba kawai ake cirowa. Ta ce, "Malam Tanimu, a garin nan wa ake kira da sunan yanka?" Ta bi gidajen nan arba'in ɗaya bayan ɗaya, ta ciro wanda ita kanta Tasalla ta manta da shi. Laƙabi: Sai-Gobe.

Tanimu ya zabura. "Sai-Gobe mai gyaran rediyo? Kai! Wata huɗu rediyona tana shagonsa!"

Ya je ya iske shi da sukundireba a hannu, ya ce masa, "Yau kam babu gobe, hau mu tafi." Aka ɗebi jininsa aka ƙara wa Uwani, kafin la'asar ta buɗe ido ta nemi 'yarta.

Da suna ya matso, Uwani ta ce jaririya ba za ta ci sunan kowa ba sai na wadda ta ceci uwarta. Sai-Gobe namiji ne, an ware masa cinyar rago. Tanimu ya koma zirga-zirga a ƙofar gida. Ba don Tasalla ba, babu jerin, babu laƙabin. Ba don Suwaiba ba, yana nan yana duba mutum dubu talatin har a yi jana'iza. Ba don Lantana ba, an samu mutumin amma ba a san ko wane ne ba.

Ga rago a ɗaure, ga liman ya zauna yana jira, jaririya kuwa ɗaya ce. To, ku masu baki, sunan wa za a raɗa mata?