Salkar Bushiya Mai Ɗinke Kanta

An yi wata Bushiya da wani Kurege a gindin wani tsohon gamji, bakin ramukansu na kallon juna. Tare suka taso, tare suka manyanta, kuma kullum sai sun yi cacar baki kafin su karya kumallo. Bushiya akwai naci. Shi kuwa Kurege ba abin da yake so kamar a yabi kayansa.

Damuwar Bushiya ƙayar jikinta ce. Duk salkar da ta goya don ɗebo ruwa, kafin ta iso gida ta huje, ruwan ya tsiyaye a bayanta. Kurege yakan zauna yana dariya, yana shafa tulunsa na yumɓu.

"Dubi abin da ake kira ƙarfi, maƙwabciya! Ƙayarki ko alama ba za ta yi masa ba."

"Na gani. Matsa in shanya bayana."

Rannan Bushiya ta lura idan ta soki danƙon gamji da ƙayarta, hujin yakan rufe da kansa in rana ta taɓa shi. Ta tatso da yawa, ta dafa, ta ƙera salka. Amma da ta cika ta da ruwa, sai salkar ta yi ta miƙewa har tana jan ƙasa. Kurege ya yi dariya har da birgima.

Tsohuwar Tautau, masaƙiyar da ke zaune a reshen gamjin, ta leƙo.

"'Yata, danƙonki na haɗe bakinsa, amma ba ya riƙe nauyi. Zo ki karɓi zare."

"Inna, wannan siririn zaren ne zai riƙe ruwa?"

"Ja shi ki gani."

Bushiya ta ja iya ƙarfinta, bai tsinke ba. Suka cuɗa zaren cikin danƙo, suka sake ƙera salkar. Ta fito baƙa, ba kyan gani, amma ta ɗauki ruwa tsaf.

"Wannan ai ko kyauta aka ba ni ba na so," in ji Kurege.

A shekarar damina ta yi jinkiri, tafkinsu ya ƙafe. Sai an haye dutse ake samun ruwa. Jikokin Kurege suka galabaice, ƙaramar cikinsu ko kuka ba ta iya yi. Abokan biyu suka tafi tare, suka ciko.

A hanyar dawowa Bushiya ta ce, "Mu zagaya ta ƙasa, gangaren nan akwai santsi."

"Ke ki ji tsoro da baƙar salkarki. Tuluna ya fi dutsen nan tauri."

Ya nufi gangaren. Bushiya ta yi tsaki, amma ta bi shi, don ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Ba su yi nisa ba tsakuwa ta kwashe su, suka mirgino tare.

Tulu ya daki dutse, ya tarwatse. Salka ma wani dutse mai kaifi ya yage mata gefe. Bushiya ta yi maza ta haɗe bakin yagar, ta danne, ta juya wurin ga rana. Jim kaɗan ta saki. Ko ɗigo bai fito ba.

Kurege na durƙushe yana haɗa gutsattsarin tulunsa, wannan ya ƙi zama da wancan. Ƙasa ta riga ta shanye ruwan.

"Me zan kai wa yaran nan?" ya ce.

"Tashi, tsohon banza. Jikokinka ba nawa ba ne? Kama min nan."

Suka ɗauki salkar tare har gida. Sai da ƙaramar ta sha ta buɗe ido sannan Bushiya ta kurɓa.

Washegari Kurege ya zo yana sosa ƙeya. "Maƙwabciya, ko danƙon nan ya ragu?"

"Gamji ya bushe, ba ya fitar da danƙo. Amma hura min wuta."

Ta jefa salkarta cikin ruwan zafi. Kurege ya yi ihu, "Kin haukace? Ita ce kaɗai muke da ita!"

Salkar ta yi laushi ta koma curi. Bushiya ta raba biyu, ta ƙera ƙananan salkuna guda biyu, ta miƙa masa ɗaya. Ya juya ta, ya ja, ya matsa.

"Amma dai tawa ta fi taki kyau," ya ce a hankali.

"Ta fi. Goya mu tafi, rana na yi."

Darasin wannan labari shi ne, tauri kaɗai ba shi ne ƙarfi ba. Abin da ke jure nauyi, ya gyaru idan ya yage, a kuma iya sake ƙera shi idan bukata ta zo, ya fi abin da faɗuwa ɗaya ke gamawa da shi. Kada ku rena abu don ba shi da kyan gani, yara, kuma kada ku guji abokinku ranar da alfaharinsa ya kayar da shi.